Kumfa a Lagireto

Abin da na rasa a wannan lamari shi ne mota guda, da ƙyauren ƙofar gida guda, da babbar tukunyata wadda har yau in na tuna ta sai raina ya sosu. Abin da na samu kuwa, babur ne da ban iya hawa ba, da hular kwano da ta yi mini yawa, da wani suna da ban roƙi kowa ya sa mini ba. Masu cewa an cuce ni su zo mu zauna. Ni ba a taɓa cutata a ciniki ba. Ko marigayi da ya aure ni sai da ya yi gumi.

Motar tasa ce, Allah ya jiƙansa. Tsohuwa ce, ban musa ba. Ƙofar baya da igiya ake ɗaure ta, ta gaba kuma ba ta buɗuwa ta ciki. Birkin hannu ya riga maigidan mutuwa, shi ya sa kullum akwai wani ƙaton dutse a gaban tayarta, domin tsakar gidanmu gangare ne tun daga bakin kicin har titi. Amma inji? Murɗa ɗaya take tashi. Ni ban iya tuƙi ba, sai dai abin da na ga yana yi mata kowace safiya na riƙe shi: in zuba ruwa a lagireto saboda tana ɗan ɗiga ta ƙasa, in tayar da ita ta yi gurnaninta, in kashe.

To ruwa a layinmu saya ake yi, ni kuma ba na zubar da abin da na saya. In na gama wanki, ruwan da ya rage a bokiti shi nake tacewa da tsumma in ba ta. Mota ce ai, ba baƙo ba.

Rufin ɗakina yana yoyo, har na san inda kowane kwano yake zama in an yi hadari. Shi ya sa na yarda zan sayar da ita. Mai Biredi, wanda gidan biredinsa yake ƙarshen gangarenmu, shi ya ƙwallafa rai, yana so ya riƙa kai kaya shaguna da ita. Ya zo ya taya, na ce albarka. Ya ƙara, na ce albarka. Har ta kai in ya yi mini sallama a hanya sai na ce albarka kafin in amsa. Da ya gaji ya matso kusa da abin da nake so, ya ce da yamma zai zo ya ji kukan injin da kunnensa, mu rufe magana.

Da safiyar ranar ce ƙanin marigayi ya faɗo gidan a kan sabon babur ɗinsa ja.

Wannan ƙanin miji nawa ya taɓa yin gadi a wani gareji, aka sallame shi saboda barci. Tun daga nan ya raɗa wa kansa Injiniya, kuma in ba ka kira shi haka ba ba ya juyowa. Shi ya gyara wa Tela fanka ta koma tana zuƙe iska maimakon ta bayar. Shi ya gyara wa Mai Shayi rediyo ya daina magana sai tari. Hular kwanon nan kuwa ko abinci zai ci gilashinta kawai yake ɗagawa.

"Matar Yaya," ya ce, "na ji za ki sayar da motar gidanmu ba ki nemi masani ba."

"Na nema, ban samu ba."

"Ga ni."

"Shi ya sa na ce ban samu ba."

Bai ji ba, ko ya yi kamar bai ji ba. Ya ce Mai Biredi ɗan wayo ne, zai zo ya laluba ya samo aibi ya karya mini kuɗi, gara shi ya riga shi dubawa. Ya zare makulli daga ƙusa ya tayar da ita. Safiya ce mai ɗan sanyi, sai ga wani farin tururi siriri yana fita ta salansa. Injiniya ya dafe hular kwano da hannu biyu.

"Innalillahi! Farin hayaƙi!"

"Ni ma in na yi hamma da sassafe haka bakina yake yi," na ce.

"Ke ba ki da salansa. A kira mini Tela!"

Tela maƙwabcinmu ne, dattijo mai tabarau, ba ya iya cewa a'a. Aka sa shi a kujerar direba aka rufe ƙofa. Injiniya ya zagaya baya ya durƙusa, ya ɗaga gilashin hula, ya kai hanci bakin salansa. Ya ce in hayaƙin ya yi zaƙi-zaƙi to an gama, ruwa yana shiga inda wuta take.

"Taka totur, Tela! A hankali!"

Tela kuwa duk rayuwarsa abu ɗaya ya taɓa takawa, keken ɗinki. Sai ya shiga yi mata irin ta keke, taka saki, taka saki, taka saki. Motar ta yi tari, ta shaƙe, sannan ta saki wata ƙara tau kamar an fasa leda a kunne. Da Injiniya ya miƙe, duk inda hula ba ta rufe ba ya zama gawayi, ido biyu kawai ke haske.

"Me ka ji?" na tambaye shi.

"Zaƙi," ya ce yana tari. "Zaƙi sosai."

Ƙarar nan ita ta tara mana jama'a. Mai Shayi ya baro teburinsa da ludayi a hannu. Mai Kitso, ƙawata ta gidan da ke jikin namu, ta shigo da tsinken tsaga a bayan kunne, matar da take yi wa kitso tana biye da ita, rabin kai a kitse rabi a tsaye. Injiniya da ya ga mutane sai ƙirji ya ƙara faɗi. Ya ɗaga bonet ya tokare da sanda, ya kai hannu kan murfin lagireto.

"Marigayi ba ya buɗe wannan in ta yi ɗumi," na ce.

"Yaya direba ne. Ni injiniya ne. Ba ni leda da zare. Zan ɗaura a bakin nan, in ledar ta kumbura to iskar inji tana shiga ruwa."

Bai kai ga ɗaura ledar ba. Yana murɗa murfin sai kumfa ta taso, fara sol, ta hau hannunsa, ta hau ƙirjinsa, ta cika gilashin hula, ta gangaro kan taya tana bin tsakar gida. Wani guntu ya tashi ya sauka a kan rabin kan da ba a kitsa ba. Matar ta yi ihu. Shi kuwa murna ta kama shi kamar an ce matarsa ta haihu.

"Kumfa! Kun gani da idonku? Kumfa a lagireto! Gaskit ya ƙone!"

"Biskit?" na ce.

"Gaskit! Gas-kit!" Ya share gilashi da gwiwar hannu ya juya wajen mutane. "Wani faifai ne siriri tsakanin kan inji da gangar jikinsa. Shi ke raba ruwa da mai da wuta, kowa ya zauna a ɗakinsa. In ya ƙone, kowa ya faɗa ɗakin kowa. Alamarsa ta farko hayaƙi, ta biyu kumfa."

Na dubi kumfar, na dubi bokitin wankina da ke jingine a bakin kicin.

"Ai kumfar nan," na fara.

"Matar Yaya, don Allah. Wannan ilimi ne."

"Ina so in ce maka ruwan da..."

"Mace da ko sunan abin ba ta iya faɗa ba, ita za ta koya mini ruwa? Ki tsaya a kan tukunyarki, ki bar mana inji."

Wasu suka yi dariya. A tsakar gidana, a gaban motar mijina. Na ja bakina na rufe. Ni tun ina yarinya, in aka sa ni shiru a gaban mutane, to shirun nan sai wani ya biya shi.

Ya koma kan murfin baƙin mai. Wannan murfin ya daɗe da yin tauri, shi ya sa na laƙaba masa man shafawata ta ciki don ya riƙa murɗuwa. Injiniya ya buɗe, ya juya shi, ya ga fari-fari. Ya lakata da yatsa ya ɗaga sama kowa ya gani, sannan ya kai baki.

"Madara! Mai ya haɗu da ruwa ya zama madara. An gama."

Mai Kitso ta matso tana shinshina. "Ƙanshin nan kamar na san shi."

Na taka mata ƙafa. Ta dube ni, na dube ta. Ta ce ashe mura take yi.

Mai Shayi ne ya tsokano shi. Ya ce, "Injiniya, rediyona ma haka ka ce an gama, kuma da gaske an gama ɗin."

"Rediyonka tun daga kanti mara lafiya ne!"

"Fankata fa?" Tela ya leƙo ta taga, don har lokacin yana ciki, ƙofa ta ƙi buɗuwa.

Injiniya ya fusata. Ya taka zuwa wajen babur ɗinsa ya daki kujerar da tafin hannu, kumfa ta fantsama.

"Ku saurara! In na buɗe injin nan aka ga gaskit lafiya lau, babur ɗin nan ya zama na Matar Yaya. Har da hular!"

Na sa hannu a bayan kunne. "Sake faɗa, na hagun nan ba ya ji sosai."

Ya sake faɗa da ƙarfi har na titi suka ji.

"Tela, ka ji?"

"Na ji."

"Mai Shayi?"

"Har ludayina ya ji."

Na zare makullin babur na miƙa wa Tela ta taga, na ce ya riƙe amana. Injiniya ya yi dariya ya ce ya riƙe da kyau, yanzu zai dawo da shi.

Za a ce me ya sa na bari ya buɗe motar da zan sayar da yamma. Wa ya gaya mini? Ni na ɗauka buɗe inji kamar buɗe tukunya ne, a ɗaga murfi, a leƙa, a mayar. Na lissafa cewa kafin azahar ina da babur, da yamma kuma in sayar da mota. Lissafin daidai ne. Mai buɗewar ne ba daidai ba.

Kayan aikinsa sifana ɗaya ce da filaya. Ya fara da batir. Ya cire tiyo, ya cire fanka, ya cire wani abu mai kama da kwanon sha. Duk wayar da ya fizge sai ya ce, "Na haddace wurinta." Ya cire hon ya ce yana tare masa haske. Ya kwance wani siririn bututu, wani ruwa ja ya tsiyaye, ya ce wannan dama ba shi da amfani. Ya shiga kicin ba sallama ya ɗauko babbar tukunyata, ya tsiyaye baƙin mai a ciki, ya riƙa jefa notuna ɗaya bayan ɗaya, tsulum, tsulum, ya ajiye ta a ƙasa gaban motar.

"Tukunyata ce fa!"

"Kin ga ke ma kin shiga aikin injiniya."

"Injiniya, wannan wayar ta ina ce?" in ji Mai Shayi, ya ɗaga wata ja.

"Ta can."

"Wannan fa?"

"Ita ma ta can."

"Can ɗin yana da faɗi."

Rana ta take. Matar rabin kai ta ce ba inda za ta, a ƙarasa mata a nan, aka kawo mata kujera. Tela ya roƙi a buɗe masa ya je ya yi ɗinki, Injiniya ya ce ya zauna tukuna, ya sa giya a firi, akwai aikin da zai yi. Tela bai san firi ba, ya yi ta jujjuya sandar har ta saki.

Sai wajen la'asar aka gama kwance duk wani noti da ido ke gani, amma kan injin ya ƙi ɗagowa. Ya manne. Injiniya ya ja, ya girgiza, ya zage shi, ya roƙe shi. Ya tambayi guduma, babu. A lokacin na shiga ciki in sha ruwa. Da na fito sai na gan shi ya hau gaban motar ya tsuguna a kan inji, ƙarƙashin bonet, ya ɗaga wani ƙaton dutse da hannu biyu.

Na san dutsen nan. Na fi sanin sa da wasu dangina.

"Kai! Ina ka samo wannan?"

"Ga shi can gaban taya yana zaman banza."

Ya maka wa injin. Motar ta ɗan yi motsi kamar mai juyi a barci. Ya ƙara. Sai ta tafi.

Tukunyata ta fara takawa. Na ji ƙararta har cikin haƙorina. Baƙin mai ya malale, notuna suka watse suna gangarawa titi kamar an saki awaki. Sandar bonet ta zame, bonet ya rufto a kan Injiniya, ba abin da ake gani sai ƙafafu biyu suna harbin iska. Ƙyaure ɗaya na ƙofar gida a rufe yake, motar ta ɗauke shi ta aza a ka ta fita da shi.

"Birki, Tela! Birki!" mutane suka ɗauka.

"Wanne ne?"

"Na tsakiya!"

"Na taka, ya tafi ƙasa bai dawo ba!"

Ashe jan ruwan nan da ba shi da amfani, na birki ne. Tela ya danna hon, hon yana tsakar gida a kan tabarma. Sai bawan Allah ya zuro kai ta taga, tabarau a karkace, yana ihu da bakinsa, "Pim! Pim! Pim! A ba da hanya!"

Masu shan shayi suka watse da kofuna a hannu. Motar ta shafi bencin ta juya shi ya kalli gabas. Mu kuma muna biye a guje, ni da Mai Kitso da matar rabin kai da Mai Shayi yana kaɗa ludayi, duk wanda ya taka noti sai ya zauna. Daga cikin bonet ana jin muryar Injiniya a toshe yana cewa, "Kowa ya kwantar da hankalinsa!"

A ƙarshen gangare akwai kwata, daidai ƙofar gidan biredi. Nan ta dulmiya hanci ta tsaya, ƙyauren ya zame ya kwanta a gefe. Mai Biredi kuwa fitowarsa ke nan, ya yi wanka ya sa fararen kaya zai taho gidana. Ya dubi motar, ya dubi ƙafafun da ke reto, ya dube ni ina haki.

"Hajiya, da kin jira ai da na zo da kaina."

Aka ɗaga bonet aka jawo Injiniya ta ƙafa. Hular kwano ce ta cece shi, yau dai ta yi rana. Ya miƙe yana tangaɗi, ya karkaɗe riga.

"Da gangan na yi. Gwajin birki ne. Shi ma ya mutu."

Aka buɗe wa Tela ta waje, ya fito ya zauna a ƙasa yana salati, makullin babur a damƙe a hannunsa.

Abin da dutse ya kasa, kwata ta yi. Kan injin ya goce gefe guda. Injiniya ya leƙa, ya zura hannu, ya zaro wani faifai mai launin toka, ya hau kan ƙyaurena ya ɗaga shi sama. Layin gaba ɗaya ya taru, har masu murza biredi sun fito da gari a hannu.

"Jama'a! Ga gaskit! Ku dubi yadda wuta ta cinye shi! Rami huɗu, kowanne sai ka zura hannu!"

Aka matso ana leƙe. Da gaske akwai manyan ramuka huɗu a jere. Ni kaina na tsorata, ba zan ɓoye ba.

Mai Biredi ya yi gyaran murya. Shi ya san mota, yana da tsohuwa a bayan gidan biredinsa, amma ya hango araha. Ya sa fuskar ta'aziyya.

"Lallai ya ƙone, Hajiya. Sai haƙuri. Yanzu sai dai in taimaka in saya a kuɗin ƙarfe."

"Albarka."

Tela ya miƙe ya gyara tabarau. "Miƙo in gani." Ya juya faifan, ya ɗaga shi a rana, ya bi bakin ramukan da yatsa. "Ni dai ban san mota ba. Amma wace irin wuta ce take yanka rami huɗu kai ɗaya kamar da almakashi, har ta tsaya ta yi musu kalmasa?"

"Wutar inji ce," in ji Injiniya. "Tana da tsari."

Na ce wa Mai Kitso ta ruga ta ɗauko mini bokitina a bakin kicin, da gwangwanin da ke kan taga. Kafin ta dawo Injiniya ya fara karɓar gaisuwa, yana miƙa wa Tela hannu a ba shi makulli. Na ce a dakata. Na ajiye bokitin a tsakiyar titi, da sauran ruwan wankin safe a ciki. Na karɓi sifanar daga aljihunsa na kaɗa ruwan, na kaɗa, na kaɗa. Kumfa ta taso fara sol ta zubo ta baki.

"Injiniya, zo ka duba mini. Bokitina ma biskit ɗinsa ya ƙone."

Ya dubi bokitin. Ya dubi rigarsa. Ya kai hannun rigar hanci.

"Ruwan da take sha ke nan kowace safiya tun da yayanka ya rasu," na ce. Na mayar masa da sifanarsa, na buɗe gwangwanin na miƙa masa. "Ga kuma madarar. Ƙara lasa ka ji ko ita ce."

"Na ce na san ƙanshin nan!" Mai Kitso ta yi tsalle. "Ni na sayar mata!"

Ban taɓa jin layinmu ya yi dariya irin ta ranar ba. Mai Shayi ya kwanta a jikin motar yana dukanta da ludayi. Matar rabin kai hawaye take yi. Mai Biredi ya so ya riƙe fuskar ta'aziyyar, ta ƙwace masa, ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Na zagaya na tsaya a gabansa.

"Ka ce ya ƙone. Rantse."

"Haba Hajiya, abin bai kai ga rantsuwa ba."

"To ramukan nan fa?"

Ya share ido da hular kansa. "Haka ake ƙera shi. Ta nan fistin yake hawa da sauka. Lafiyarsa ƙalau, ya fi ni lafiya."

Injiniya ya sauko daga kan ƙyaure a hankali. Ya matso kusa ya rage murya.

"Matar Yaya, me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Ka ce in tsaya a kan tukunyata. Ga ta can ka take ta."

"Maganar babur ai wasa ne. Ni da ke ba ma wasa?"

"Albarka."

"Zan saya miki sabuwar tukunya."

"Albarka."

"Da ƙyaure."

"Albarka."

"To na ji. Ki bar ni da motar zuwa gobe, in haɗa miki ita ta dawo kamar sabuwa."

Wannan karon ban buɗe baki ba. Layin ne gaba ɗaya ya amsa, har masu murza biredi: "Albarka!"

Ya zauna a bakin kwata. Na ga idonsa ya yi rau-rau a cikin gawayin. To ni ba azzaluma ba ce, kuma ba na cin kyauta, ciniki nake yi. Na ce masa da bakinsa ya kira ta motar gidansu, don haka ga ta nan na sayar masa, a inda take, da duk notin da ya iya tsinta tsakanin nan da kicin ɗina. Tunda ya haddace wurin kowace waya, ba zai sha wahala ba.

Mai Biredi da ya ga mota ta wuce shi sai ya koma kan babur. Ya ce ko zan ba shi haya, yaransa su riƙa kai biredi. Ya taya, na ce albarka. Ya ce Hajiya ko gama faɗa ban yi ba. Muka ja har muka daidaita, kuma da wannan hayar aka yi mini rufi, kwanonina suka koma kicin.

Injiniya ya ɗago kai. "To ki bar mini hular."

"Har da hular ka ce. Tela?"

"Har da hular."

Ya cire ta. Wasu a layin ranar suka fara ganin ƙeyarsa. Na kifa ta a kan ɗankwalina, ta rufe mini ido, na tura ta baya.

Mai Shayi ya ce, "Tsaya, akwai saura. Yau wa ya gano ciwon motar nan?"

Aka ce, "Hajiya!"

"Da me?"

"Da bokiti!"

"To wane ne Injiniya a layin nan?"

Ban nema ba, amma abin da aka ɗora a kan ciniki ba na mayarwa. Na ce a sa a ciki. Nan ne ƙanin mijin nawa ya miƙe tsaye da gaske, ya fi jin wannan a kan babur. Ya ce in ɗauki agogonsa in bar masa sunan. Na ce albarka. Ya ce takalminsa. Na ce albarka. Ya ce to shi da me za a riƙa kiransa?

Matar rabin kai ce ta amsa daga baya, "Biskit."

Har yau shi ke bin sa, kuma yana juyowa.

Ya tsaya ya dubi motar da hancinta a kwata, ya dubi jama'a, ya ga ba mai ceto. Ya miƙo sifanar da kansa, ya ce a hankali, "Nawa ke nan duka, Injiniya?"

Na ce, "Babur, da hular kwano, da sunan. Na sallama."